Rawar da Mata Suka Taka a Ƙaurace wa Motocin Safa na Montgomery, 1955–1956

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka ta neman cikakken 'yanci, sunan da yakan fara cin karo da shi shi ne Martin Luther King. In an ambaci mace, to Rosa Parks ce, ita ma akan nuna ta kamar wata baiwar Allah wadda gajiya ta hana ta tashi daga kujera. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙaurace wa motocin safa da aka yi a birnin Montgomery na jihar Alabama shiri ne wanda mata suka daɗe suna ƙullawa, kuma haɗin kansu ne ya raya shi har kwana 381.

Shirin da Ya Gabata

A wancan zamani doka ta raba fasinjoji bisa launin fata. Kujeru goma na gaba na farar fata ne, ko da babu kowa a kansu. Sau da yawa baƙar fata yakan biya kuɗi a ƙofar gaba, ya sauka, ya zagaya ya shiga ta baya. Alhali kuwa wajen kashi uku cikin huɗu na fasinjojin baƙaƙe ne, da yawansu mata 'yan aikatau masu zuwa gidajen farar fata kullum.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin 1950 Mary Fair Burks, malamar Turanci a Kwalejin Jihar Alabama, ta kafa wata majalisar siyasa ta mata baƙaƙe, wadda daga baya Jo Ann Robinson, ita ma malama a kwalejin, ta shugabanta. A watan Mayu 1954 Robinson ta rubuta wa magajin gari, W. A. Gayle, takarda tana gargaɗinsa cewa ƙungiyoyi da dama suna batun daina shiga safa in ba a gyara ba. Watau shekara ɗaya da rabi kafin a kama Parks an riga an yi shawarar makamin da za a yi amfani da shi.

Ita kanta Parks ba baƙuwa ba ce a fagen. Tun 1943 take sakatariyar reshen ƙungiyar NAACP na Montgomery. Kuma an kama wasu kafin ita, kamar Claudette Colvin, 'yar shekara 15, a watan Maris 1955. Da aka kama Parks ran 1 ga Disamba 1955, a daren nan Robinson ta shiga kwaleji tare da wani malami da ɗalibai biyu, suka kwana suna gurza dubun-dubatar takardun kira ga jama'a. Kashegari matan majalisar suka bi makarantu da kantuna suna rarraba su. Ran 5 ga wata motocin suka yi ta yawo kusan wayam, kuma a ranar ce aka kafa ƙungiyar da King ya zama shugabanta.

Haɗin Kai

Fara abu daban, riƙe shi daban. Nauyin ƙauracewar ya fi faɗa wa 'yan aikatau, waɗanda suka riƙa taka mil-mil da ƙafa, cikin sanyi da ruwan sama. An tsara motocin 'yan sa-kai kimanin 300 don ɗaukar mutane, amma mota sai da mai, mai kuwa sai da kuɗi. A nan ne wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ta tara mata suna soya kaji, suna gasa kayan zaƙi suna sayarwa, su kai ribar wurin taron coci. Sunan da suka raɗa wa ƙungiyarsu yana nufin ba daga ko'ina ta fito ba, don kada a gane masu ba da gudummawa a kore su daga aiki. Ita Gilmore ta rasa nata aikin a lokacin ƙauracewar, sai ta mai da gidanta wurin sayar da abinci.

Ko a gaban shari'a ma mata ne suka tsaya. Ƙarar da lauya Fred Gray ya shigar a kotun tarayya a watan Fabrairu 1956 ta dogara ne kan mata huɗu: Aurelia Browder, Susie McDonald, Claudette Colvin da Mary Louise Smith. Ran 13 ga Nuwamba 1956 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin cewa wariya cikin safa ta saɓa wa tsarin mulki, aka janye ƙauracewar ran 20 ga Disamba.

Dalilin Ɓoyuwar Sunansu

Me ya sa tarihi ya daɗe bai ambace su ba? Dalili na farko shi ne a coci ake taro, masu hawa mumbari kuwa maza ne, su 'yan jarida suka gani. Na biyu, albashin fasto daga mabiyansa yake fitowa, amma Robinson ma'aikaciyar gwamnatin jiha ce, fitowarta fili na iya jawo mata kora. Saboda haka ta tsaya a kwamitin zartarwa da shirya mujallar ƙungiya. Sai a 1987 littafinta kan wannan al'amari ya fito.

Kammalawa

Abin da muka gani ya nuna shugabanci iri biyu ne: akwai na mai jawabi, akwai na mai tsarawa da ciyarwa da jurewa. King ya isar da kukan Montgomery ga duniya, wannan ba abin musu ba ne. Amma da malamar kwaleji da mai dafa abinci da 'yar makaranta ba su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba, da bai sami abin da zai faɗa ba. Ya kamata mai nazarin kowace gwagwarmaya ya tambayi wanda ya buga takardar kira da wanda ya biya kuɗin mai, kamar yadda yake tambayar wanda ya hau mumbari.