Yadda Ake Sauya Mastar Birki a Tsohuwar Hiace a Gida

Mastar birki ita ce famfon da ke karɓar ƙarfin ƙafar direba ya mayar da shi matsin mai, man kuma ya bi bututu ya kama tayoyi. Aikinta irin na sirinjin allura ne: rami ne a cikin ƙarfe da fistin mai robobi a jikinsa, idan aka tura fistin sai man da ke gabansa ya rasa mafita sai ta bututu. Tun ƙarshen shekarun 1960 masu ƙera motoci suka koma jera fistin biyu a masta ɗaya, kowanne da layinsa, don idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. A samfurin Toyota Hiace da aka fara ƙerawa a 1989, layi ɗaya na tayoyin gaba ne masu faifai, ɗayan na tayoyin baya masu duram.

Irin waɗannan motoci ne ke shan wahalar hanyar da ta taso daga Gadarif ta bi Doka ta ƙare a Gallabat, inda gada ta raba Sudan da garin Matamma na Habasha, tafiyar wajen kilomita 150. Da rani ƙura da zafi, da damina baƙar laka mai kama taya, da kakar riɗi da dawa kuma lodi fiye da kima. Manyan shagunan kayan gyara a Gadarif suke, shi ya sa mai mota a Gallabat kan gwammace ya sayo kayan ya yi aikin a ƙofar gidansa. Kwance masta da ɗaura wata ba shi da wuya. Abin da ke raba birki mai kamawa da marar kamawa shi ne gane ciwon daidai, da tsabta, da fitar da iska.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya sai an tabbatar laifin na masta ne, domin an sha jefar da lafiyayyar masta a kan ciwon da ke wani wuri. Ana kunna inji motar tana tsaye, a ɗora ƙafa a kan feda da matsakaicin ƙarfi, a riƙe kamar rabin minti. Idan feda tana silalewa ƙasa sannu a hankali, man da ke kofin ajiyar man birki bai ragu ba, kuma babu danshi a bayan tayoyi, to robobin ciki sun cinye, mai yana zagayewa ta gefensu. Sau da yawa irin wannan masta takan kama idan aka taka ta da ƙarfi farat ɗaya, saboda matsin yakan buɗe leɓen roba, wannan ne ke ruɗin direba ya ɗauka da sauranta. Wata alamar ita ce yoyo ta bayan masta, inda ta haɗu da busta, baƙar tukunyar nan da ke sauƙaƙa wa ƙafa taka birki. Akwai kuma birkin da ke riƙe tayoyi bayan an ɗan yi tafiya, motar ta yi nauyi, tayoyi su yi zafi; idan aka ɗan sassauta notin bututu a bakin masta tayoyin suka saki, to ƙaramin ramin da mai ke komawa kofi ne ya toshe.

Sauran alamomin na wasu ne. Feda mai taushi da ke lotsawa tana dawowa, iska ce a layi. Wadda ke nitsewa a takun farko ta taso a na biyu, takalman birkin baya ne suka yi nisa da duram. Mai yana raguwa, cikin tayar baya kuma a jiƙe, silindar taya ce. Feda mai tauri da ba ta tsayar da mota, a duba busta da tiyonta, a mai injin dizal kuma har da famfon zuƙar iska da ke bayan altaneta.

Ana sayar da robobi da fistin daban, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Suna yin aiki idan ramin masta yana nan sumul. Idan farce ya ji kaushi ko ramukan tsatsa a ciki, sabbin robobi ba za su daɗe ba za su yanke. Ga motar da ke ɗaukar fasinja, sauya mastar gaba ɗaya ya fi, wadda aka ciro daga wata tsohuwar mota kuwa sayen ciwon wani ne. Wajen saye a tafi da tsohuwar a hannu, ko hotonta da lambar shasi. A gwada faɗin rami, wanda galibi akan rubuta a jikinta, da yawan bakunan bututu da gefen da suke, domin ta mota mai sitiyarin hagu, wadda aka fi gani a Sudan, ba lallai ta dace da mai sitiyarin dama ba.

Man birki a saye shi a rufe, DOT 3 ko DOT 4, lita ɗaya ta isa. Wannan mai yana zuƙar danshi daga iska. Ƙa'idar DOT 3 ita ce kada sabo ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya sauka zuwa 140. Na DOT 4 kuma 230 ne da 155. Idan ya tafasa tururi ne ke cika layi, feda ta tafi ƙasa a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Don haka ragowar kwalbar da ta kwana damina a buɗe ba ta da amfani. DOT 5 wani iri ne daban, ba a haɗa shi da waɗannan. Man inji, man giya, fetur da gas duk suna kumbura robobin birki, ko wanke kayan ba a yi da su. Dabarar zuba ruwan sabulu da wasu direbobi kan yi a daji ita ce ke haƙa ramukan tsatsar da aka ambata.

Kayan aiki kaɗan ne: sufanar bututu mai lamba 10, wadda ke rungume noti ta bar tsaga kaɗan, da sufana 12, sukundireba, filaya, babban sirinji, siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki, kwalba, leda mai tsabta da tsummoki. A nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai inuwa, a share a yayyafa ruwa, a fara da sassafe kafin iska ta taso, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce sabuwar roba. A ja birkin hannu, a tare tayoyi da duwatsu, a cire kan batir. Sai a yi ta taka feda inji a kashe har ta yi tauri, alamar busta ta saki.

A irin wannan Hiace inji yana ƙarƙashin kujera, saboda haka masta da busta suna cikin ɗakin direba, a ƙarƙashin dashbod ta bayan mita, kofin mai kuma yana gefe kusa da ƙofar direba, tiyo ne ya haɗa su. A cire murafe da mita a hankali, a ɗauki hoton wayoyi da bututu kafin a raba su. A shimfiɗa leda da tsummoki a ƙasa, domin man birki yana cin fenti. Inda ya ɗiga a wanke da ruwa nan take.

Ana zuƙe man kofi da sirinji, a goge kewayen bakunan bututu fes. Notocin bututu ake fara sassautawa tun masta tana ɗaure, lokacin da take da abin jingina. Wanda ya cije a fesa masa man sassauta tsatsa, a ɗan ƙwanƙwasa, a ba shi lokaci. A nan gaggawa ke jawo asara: sufana mai buɗaɗɗen baki ko filaya takan murje kusurwoyin noti, aikin safiya ɗaya ya koma tafiya Gadarif neman bututu. A lura kuma kada bututun ya riƙa murɗewa tare da notin. Kowane baki da ya fita a ɗaure shi da leda. Daga nan a cire tiyoyin kofi, a kwance notocin da suka riƙe masta a jikin busta, a zaro ta kai tsaye.

A leƙa cikin busta. Idan mai ya taru a ciki a zuƙe shi, idan kuma ya daɗe yana kwance a sa ido a kanta, domin yana lalata robarta. Sandar da ta fito daga tsakiyar busta, wadda ke tura fistin, kada a murɗa ta haka kawai. A auna zurfin kogon bayan fistin a tsohuwar masta da sabuwar da siririn ƙarfe. Idan ɗaya ne, a bar sanda yadda take. Idan sun bambanta sai an gyara tsawonta ta yadda za ta kusa taɓa fistin ba tare da ta tura shi ba. Ta yi tsawo birki ya riƙe, ta gajarta feda ta yi nisa kafin ta kama.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne fitar da iskar sabuwar masta kafin a ɗaura ta. Tana zuwa ne a bushe, iskar da ke maƙale a lungunanta kuma da ƙyar take fita idan an riga an ɗaura. Ana kama ta ta kunnuwan da noti ke shiga, ba ta jikin ramin ba, a daidaita ta a kwance. A sa gajerun tiyo a bakunan shigar mai a ɗaga su sama a cika su da mai. A tura fistin da sandar katako mai santsi kamar santimita biyu, a toshe bakunan fita da yatsu, sannan a saki fistin ya dawo a hankali ya zuƙi mai. A ɗaga yatsu, a sake turawa. Da farko tsartuwa ce da kumfa, daga baya kumfar ta ƙanƙance, can sai mai ya fito tsantsa fistin ya fara yi wa hannu gardama. A kawar da fuska daga bakunan, domin man yana tsalle, idan ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa.

Wajen ɗaurawa a sa sabon gasket idan akwai, a zaunar da masta a kan busta, a kama notocinta sako-sako. A fara ɗaura notocin bututu da yatsu har su yi zagaye uku ko huɗu ba tare da cijewa ba. Jikin masta da yawa alminiyom ne, notin da ya hau a karkace kuwa ya gama da zaren. Sai a ƙarasa ɗaure duka. A irin waɗannan motoci ma'aunin wajen niyutan-mita 13 ne ga notocin masta, 15 ga na bututu, wato ɗaurin wuyan hannu, ba na kafaɗa ba. A mayar da tiyoyi, a cika kofi.

Fitar da iska daga layi aikin mutum biyu ne, ɗaya a kan feda, ɗaya da sufana. Ana farawa daga bakin masta: a taka a riƙe, a ɗan sassauta notin bututu kumfa ta fito cikin tsumma, a ɗaure, sannan a saki feda. Daga nan sai tayoyi, ana farawa da wadda ta fi nisa da masta, baya kafin gaba. Idan za a shiga ƙarƙashi a tokare motar da katako mai kauri, jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. A sa tiyo a kan ɗan nonon fitar da iska, ɗaya bakin a nitse cikin kwalba mai ɗan mai. Na ƙasa ne ke ba da umarni. "Taka!" Na sama ya taka sau uku a hankali. "Riƙe!" A buɗe nonon kwata, feda ta sauka, a rufe. "Saki!" Idan na sama ya saki kafin a rufe, iska ta koma. Ana maimaitawa har tsohon baƙin mai ya ƙare, sabo garau ya biyo ba kumfa. Bayan kowace taya a duba kofi, domin idan ya ƙafe an koma farko. Hiace da yawa suna da bawul a kusa da gatarin baya mai daidaita birki da nauyin lodi, shi ma da nasa nonon, kuma mantawa da shi kan bar feda da taushi. A mai giyar hannu, inda kofin ɗaya ke ba kuloci mai, a taka kuloci a ji ko iska ta shige shi.

Kafin a mayar da mita a goge kowace mahaɗa ta bushe, a taka feda da ƙarfi, a shafa da yatsa a ji ko akwai danshi. A danna feda da hannu: ya kamata ta yi ɗan wasa na 'yan milimita kafin ta fara tauri. A mayar da kan batir, a riƙe feda a kunna inji. Idan ta ɗan sauka ta tsaya cak, busta da masta suna aiki. Tsohon mai guba ne, a rufe shi a kwalba nesa da yara da dabbobi.

Gwaji a fili ake yinsa, ba fasinja ba lodi, da gudun tafiyar ƙafa tukuna, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan. Motar ta tsaya kai tsaye ba ta ja gefe. Bayan 'yan kilomita a tsaya a kusantar da hannu ga tayoyi. Zafi mai yawa a dukkansu yana nufin sandar busta ta yi tsawo. Idan taushi ya ƙi tafiya bayan an zagaya tayoyi sau biyu, ko dai iska ta rage a masta, ko takalman baya suna neman gyara, ko wani tiyon taya ya tsufa yana kumbura idan an taka. Washegari, da kuma bayan tafiyar farko da lodi, a sake duba kofi da bakunan bututu.