RIKICIN 'YAN KATOLIKA A KAN WAHAYI: ME YA FARU, KUMA INA DARASINMU?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wani ɗalibi cikin masu zama karatunmu na bayan Magariba ya turo min bidiyon wani fada na ɗariƙar Katolika yana caccakar shugabannin cocinsu, wai sun yi wa Baibul riƙon sakainar kashi tun shekarun 1960. Ya rubuta a ƙasa: "Malam, ka ga sun tona wa kansu asiri, mu yaɗa kawai." Na tambaye shi: wane taro fadan yake nufi, kuma wace magana ce ta ɓata masa rai? Ya ce wallahi bai sani ba. Na ce to dakata, wanda zai yi magana a kan mutane sai ya fara sanin me suka ce. Wannan rubutu amsa ce gare shi da ire-irensa.

SU WAYE MASU SUKAR?

'Yan mazan jiya ne a cikin Katolika, masu ganin cocin ta kauce hanya tun Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965. Fitaccensu shi ne Marcel Lefebvre, Bafaranshe, wanda ya taɓa zama babban bishop na Dakar a Senegal. A 1970 ya kafa ƙungiya a Suwizalan da sunan Paparoma Pius na 10. A 1988 ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Paparoma ba, aka zartar masa da hukuncin kora, ya mutu a 1991. Babbar rigimarsa a kan sabon tsarin ibada ce da batun 'yancin addini, amma maganar wahayi tana ƙarƙashin rigimar gaba ɗaya.

TSOHUWAR MATSAYA

A 1546, taron Trent ya zartar cewa saƙon Allah yana cikin rubutattun littattafai da kuma koyarwar da aka gada baki da baki daga almajiran Annabi Isa (AS), kuma duka biyun girma ɗaya ake ba su. A 1893 Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa ya ce ba ya halatta a taƙaita wahayi ga aƙida da ɗabi'u kaɗai, ko a ce marubucin littafin ya yi kuskure. Wato har tarihin da ke ciki ba a taɓawa.

Me ya sa ya faɗi haka? Saboda a jami'o'in Turai, musamman Jamus, an fara karanta Baibul kamar kowane tsohon littafi: wa ya rubuta, yaushe, daga ina ya ɗauko. Iskar ta shiga cikin limaman Katolika. Paparoma Pius na 10 ya tare ta da ƙarfi. A 1906 hukumar Baibul ta fadarsa ta kare cewa Annabi Musa (AS) ne tushen littattafai biyar na farko. A 1907 aka lissafa ra'ayoyi 65 aka ce ɓata ne, aka kuma fitar da doguwar wasiƙa a kan 'yan zamananci, masu cewa wahayi wani shauƙi ne da ke tasowa daga zuciyar mutum, don haka aƙida tana canzawa da canjin zamani. A 1908 aka kori fada Alfred Loisy, jagoransu a Faransa. A 1910 aka wajabta wa limamai da malamai rantsuwar barranta daga wannan ra'ayi.

Sai a 1943 Paparoma Pius na 12 ya ɗan buɗe ƙofa, ya ƙarfafa komawa harsunan asali da lura da salon da kowane marubuci ya yi rubutu da shi.

ABIN DA YA FARU A TARON

A Nuwamba 1962 aka kawo daftari a kan tushen wahayi guda biyu, rubutacce a kan tsohon salo. Aka yi ƙuri'a: 1368 suka ce a dakatar da shi, 822 suka ce a ci gaba. Ba a kai kashi biyu cikin uku da doka ta nema ba, amma Paparoma John na 23 ya janye daftarin da kansa, ya sa a sake rubutawa.

A 1964 Kadinal König na Biyana ya miƙe a zauren ya ce akwai wuraren da littafin bai dace da tarihi ba. Ya kawo misali: Markus 2:26 ya ce abin da ya faru da Dawuda a zamanin babban firist Abiyata ne, alhali 1 Sama'ila sura 21 ta ce Ahimelek ne. Matiyu 27:9 ya jingina wata magana ga Irmiya, alhali a littafin Zakariya take. Ku lura, babban malaminsu ne ya faɗa a gaban bishop sama da dubu biyu.

Ranar 18 ga Nuwamba 1965 aka amince da takardar ƙarshe mai suna Dei Verbum, ma'ana Kalmar Allah, da ƙuri'a 2344, shida kacal suka ƙi.

ABUBUWA UKU DA AKE SUKA

Na ɗaya, sakin layi na 11. Ma'anarsa ita ce littattafan suna koyar da gaskiyar da Allah Ya so a rubuta domin tsirar mutane, ba tare da kuskure ba. Duk rigimar a kan "domin tsira" take. Shin bayanin dalilin rubuta littafin ne gaba ɗaya, ko kuwa iyaka ce, wato abin da ya shafi tsira ne kaɗai ba kuskure? 'Yan mazan jiya suka ce da gangan aka bar jimlar da fuska biyu, kuma a makarantun horar da limamai fuska ta biyu aka ɗauka, wadda ita ce Leo na 13 ya haramta.

Na biyu, takardar ta ce littafi da gadon koyarwa daga maɓuɓɓuga ɗaya suke fitowa. Masu suka suka ce an dusashe maganar tushe biyu ne don a faranta wa 'yan Furotesta, masu cewa Baibul kaɗai ya isa.

Na uku, sakin layi na 8 ya ce gadon koyarwa yana ci gaba a cikin coci, fahimta tana ƙaruwa. Suka ce ai wannan ita ce ƙofar da Pius na 10 ya rufe. Suna kafa hujja da abin da ya biyo baya: an soke rantsuwar 1910 a 1967, kuma a 1971 aka mayar da hukumar Baibul majalisar masana masu ba da shawara.

Adalci ya sa mu kawo amsar ɗaya ɓangaren. Sun ce takardar da kanta ta yi nuni zuwa wasiƙar Leo na 13 a ƙarƙashin wannan jimla, don haka da ita za a fassara ta. Paparoma John Paul na 2 ya ce a 1988 tushen matsalar Lefebvre shi ne gurguwar fahimtar gadon koyarwa, domin a wurinsu ba a raba gado da Paparoma mai ci. Benedict na 16 kuma ya ce a 2005 a karanta taron a matsayin gyara a kan abin da aka gada. Ka ga tsaka mai wuyar da 'yan mazan jiya suke ciki kenan: da biyayya ga Paparomomin da suka shuɗe suke saɓa wa wanda ke kan kujera.

INA DARASINMU?

Na farko, mu san bambancin ma'anar wahayi. Katolika, tsoho da sabo, sun yarda mutane ne suka rubuta littattafansu da harshensu da salonsu, Ruhu Mai Tsarki yana yi musu jagora. Mu kuwa Alƙur'ani maganar Allah ce, lafazi da ma'ana, Jibrilu (AS) ya sauko da ita. A Suratul Ma'ida aya ta 44 an nuna malaman Attaura aka ɗora wa tsaron littafin, a Suratul Hijri aya ta 9 kuwa Allah da kanSa Ya ɗauki tsaron Alƙur'ani. Wanda bai riƙe wannan ba, shi ne zai ɗauko tambayoyin da aka yi wa Baibul ya ɗora wa Alƙur'ani kai tsaye.

Na biyu, kada mu ɗauka iskar ba ta kaɗo gidanmu ba. A 1926 Ɗaha Husain ya fitar da littafi a Masar a kan waƙoƙin Jahiliyya, ya ce ambaton Annabi Ibrahim da Isma'il (AS) a Alƙur'ani bai isa hujjar tarihi ba. Aka yi ca, aka janye littafin, ya sake fitar da shi a 1927 bayan cire wuraren. A 1947 Muhammad Ahmad Khalafallah ya gabatar da kundin digirin digirgir a Alƙahira yana cewa ƙissoshin Alƙur'ani don wa'azi aka kawo su, ba dole ne sun faru yadda aka faɗa ba, jami'ar ta ƙi karɓa. Ku ajiye wannan kusa da "domin tsira", za ku ga 'yan gida ɗaya ne. Yau ma a Facebook za ka ga matashi ya rubuta, "Ni saƙon nake dubawa, ko ƙissar ta faru ko ba ta faru ba." To ɗan'uwa, idan labarin da Allah Ya bayar na jiya zai iya zama bai faru ba, da me za ka tabbatar da labarin da Ya bayar na gobe Ƙiyama? Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Manzon Allah (SAW) ya riga ya gargaɗe mu, a hadisin Bukhari da Muslim, cewa za mu bi sawun waɗanda suka gabace mu.

Na uku, kada tsoro ya sa mu rufe ƙofar ilimi. Malamanmu sun yi bincike a kan sababin saukar ayoyi, da Makkiyya da Madaniyya, da nasikhi da mansukhi, da balaga, sun kuma tace masu ruwayar hadisi ɗaya bayan ɗaya. Ba duk mai tambaya ne zindiƙi ba. Iyakar a fili take: mai neman gane me nassi yake nufi ɗalibi ne, mai cewa ingantaccen nassi ya yi kuskure ya tsallake layi. Dubi Katolika: an yi kora, an sa rantsuwa, amma tambayoyin suna nan, bayan shekara hamsin da 'yan kai suka fito a bakin Kadinal. Mu malamai, idan yaro ya zo da shubuha muka kore shi da tsawa, zai je ya samo amsa a wurin wanda ba ya tsoron Allah.

Na huɗu, masu rubuta fatawa da sanarwar bayan taro su ji tsoron jimla mai fuska biyu. Tana kashe rigimar yau, ta bar wa jikoki.

Na biyar, kai mai son yaɗa bidiyon, ka san wanda kake ɗauko wa magana. Waɗannan 'yan mazan jiya suna cikin masu zafi a kan Musulunci. Cikin laifukan da suke lissafa wa taron har da cewa ya ambaci Musulmi da girmamawa, kuma sun yi tir da taron addu'a na Assisi a 1986 da aka gayyaci shugabannin addinai. Sannan maƙwabcinka Bakatolike, wanda kuke gaisawa kullum, wataƙila bai taɓa jin sunan Lefebvre ba. Allah Ya umarce mu a Suratul Ankabut aya ta 46 mu yi jayayya da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau, kuma a Ma'ida aya ta 8 Ya hana ƙiyayya ta sa mu bar adalci. Idan za ka tattauna, kawo abin da suka rubuta yadda yake, da sura da lamba, ban da gori.

Ɗalibin nan na ba shi aiki: ya bar bidiyon, ya ɗauko Al-Itƙan na Imam Suyuɗi ya karanta babin tattara Alƙur'ani, ranar Asabar ya zo ya yi mana bayani. Duk mai iko ya yi haka, wanda ya gamu da abin da ya shige masa duhu ya ajiye tambayarsa a ƙasa, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in sha Allah.

Allah Ya tabbatar da zukatanmu a kan gaskiya, Ya shiryi duk mai nemanta. Wallahu a'alam.