Doki ko Mahayi: Waiwaye a kan Zakarun Tseren Motoci na Formula One

Masu kallon sukuwa a Haɗejiya sun saba da gardamar ko doki ne ya ci ko mahayi. Ita ce kuma ta dabaibaye tarihin gasar tseren motoci ta duniya, wadda aka fara ranar 13 ga Mayu, 1950, a Silverstone ta ƙasar Ingila. Giuseppe Farina, ɗan Italiya, ya lashe wannan tsere da kambun shekarar cikin motar Alfa Romeo.

Masu fifita direba sukan kafa hujja da Juan Manuel Fangio na Ajantina, wanda ya ci kambu biyar tsakanin 1951 da 1957 da motocin kamfanoni huɗu. Hujja ce mai ƙarfi, domin wanda ya sauya doki sau da dama bai daina cin tsere ba, ba a ce sa'ar doki ce. Sai dai Michael Schumacher da Lewis Hamilton, masu kambu bakwai-bakwai, kowanensu ya tara mafi yawan nasa a kamfani guda: biyar na Schumacher a Ferrari, shida na Hamilton a Mercedes. Tun 1958 ma ake ba kamfanin da ya ƙera mota kambunsa daban.

Amma idan mota ta ci amana, direba ke biya da ransa. Jochen Rindt ya rasu a Monza a 1970, aka naɗa shi zakara bayan mutuwarsa. Rasuwar Ayrton Senna a Imola ranar 1 ga Mayu, 1994, ta tilasta tsaurara dokokin ƙirar motoci da na hanyoyin tsere.