KOYARWA DA NA'URORIN ZAMANI INDA INTANET BA TA DA TABBAS: NAZARI A KAN KUDANCIN KANO

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 Hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga jami'a da fensir da takarda, ta mayar da ita kacokan kan kwamfuta. A 2024 kuma Hukumar WAEC ta soma bin wannan hanya ga masu zaman jarrabawa na ƙashin kansu. Watau ke nan ɗalibin da ya tashi a Kiru ko Riruwai, wanda bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, zai zauna jarrabawa ɗaya da takwaransa na birnin Kano, a kuma ba su lokaci ɗaya. Duk mintin da ya ɓatar yana laluben inda zai latsa, a cikin makinsa zai gan shi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba yadda malami zai shigo da na'urorin zamani cikin aji a ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ba tare da ya jira ranar da intanet za ta zauna da gindinta ba.

2.0 Yanayin Yankin

Matafiyin da ya bar hanyar Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ya nufi Tudun Wada, ya ratsa Dajin Falgore har zuwa duwatsun Riruwai, zai lura cewa sabis ɗin waya na bin manyan garuruwa da bakin titi ne, domin kamfanoni kan kafa turakunsu a inda masu saye suka fi yawa. Ƙauyen da ya yi nisa da titi, ko wanda dutse ya tsare, sai abin da ya samu. A kan wannan akwai matsala biyu: rashin tsayayyiyar wutar lantarki, da kuma tsadar data. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, tayar da janareta don darasin minti 40 ya zama abin da ƙananan makarantu ba sa iyawa. Saboda haka duk shirin koyarwar da aka gina a kan cewa za a kunna intanet a tsakiyar darasi, shiri ne da zai bar malami tsaye da waya a hannu, yara kuwa suna surutu.

3.0 Abin da Aka Gani a Baya

Koyarwa da na'ura ta girmi intanet a wannan yanki na Afirka. A 1964 Jamhuriyar Nijar ta fara gwajin koyar da yaran firamare ta talabijin da taimakon Faransa. Haka kuma a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, rediyo da talabijin Jihar Kano ta koma wa don isar da darussa, domin su ne suka fi kai wa ga talaka.

Akwai kuma darasi daga ƙasar Peru, inda aka raba wa yaran karkara ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, wanda aka taɓa gwada shi a wata firamare da ke Galadima, Abuja, a 2007. Binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran Peru sun iya sarrafa kwamfutar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. Na'ura ta iso aji, yadda ake koyarwa kuwa bai sake ba. Abin lura a nan shi ne, malamin da ya san abin da zai yi da na'ura shi ne ginshiƙin al'amarin.

4.0 A Ɗebo a Ajiye

Mutanen Bebeji ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan dabara, domin a ƙasarsu madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan damina take tarewa, manoman Kadawa su yi noman rani da shi. Haka ya kamata malami ya ɗauki intanet: ranar da ya shiga gari ya sami sabis mai ƙarfi, sai ya sauke abin da zai ishe shi mako biyu ko wata guda, ya adana a waya ko a katin memori.

Akwai manhajojin da aka ƙera musamman don haka. Kiwix kan ba mutum damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, ya karanta ba tare da intanet ba. Kolibri kuwa kan mayar da kwamfuta ɗaya ta zama rumbun darussa, sauran na'urorin da ke kusa su riƙa ɗiba daga gare ta. Har wa yau, a watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa cikin Ingilishi da Hausa da Yarabanci da Ibo.

Hanyar rarraba su ma tana nan tuntuni. A kasuwannin ƙasar Hausa akwai masu turi, watau samarin da ke tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a wayoyin jama'a a kan kuɗi kaɗan, abokai kuma su tura wa juna ta Xender ko Bluetooth, ba data ko ta kwabo. Hanyar da ta kai fim ƙauye za ta iya kai darasi. Malami ɗaya ya sauke, malamai goma su kwafa ranar taro ko ranar kasuwa.

5.0 Misali Daga Darasin Hausa

Alal misali, a ɗauki darasin tsawon wasali da karin sauti. Rubutun yau da kullum ba ya bambanta "gari" na mazaunin jama'a da "gari" na tuwo, ko "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Bayani a allo kaɗai ba ya wadatarwa, sai kunne ya ji. Malami zai iya ɗaukar muryar mutum biyu ko uku da wayarsa suna furta kalmomin cikin jimla, ya zo aji da 'yar ƙaramar lasifika mai caji. Zai kunna sau biyu, ɗalibai su rarrabe ma'ana, sa'an nan a ɗauki muryar wasunsu a sake kunnawa, su ji kansu, su gyara da kansu.

Haka nan a fannin adabin baka. Ana iya tura ɗalibai su ɗauko tatsuniya ko kirari ko waƙar daka daga bakin dattawan garinsu, bayan sun nemi izini, a saurara a aji, a rubuta, a yi nazari. A nan ne kuma za su koyi buga ɓ da ɗ da ƙ a waya, abin da har wasu masu digiri ke sakaci da shi. Ta haka makarantar ƙauye za ta tara nata kayan karatu, maimakon jiran abin da za a aiko mata daga birni.

Game da jarrabawa kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Maɓallan da ɗan JAMB ke bukata kaɗan ne: A da B da C da D na zaɓen amsa, N na ci gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Kwamfuta biyu ko uku, in aka tsara wa ɗaliban ajin ƙarshe zuwa rukuni-rukuni tun farkon shekara, sun isa su cire musu tsoro, kuma wannan atisaye ba ya bukatar intanet ko kaɗan.

6.0 Kammalawa

An ga cewa intanet hanyar ɗebo kaya ce, darasi kuwa da abin da aka riga aka ɗebo ake yin sa. A watan Yuni na 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. In za a kashe kuɗi a kan na'urori a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, ya kyautu a bi wannan jeri: horar da malami tukuna, sai farantin hasken rana da batir don caji, sai ma'ajiyar darussa da wanda zai kula da gyaranta, daga ƙarshe a zo kan intanet. Sassan Hausa na jami'o'i su ma suna da nasu aikin, domin darussan da ke cikin waɗannan rumbuna galibi na Ingilishi ne, kuma ɗaliban Hausa ne suka fi cancanta su shirya na Hausa, su ɗauke su da murya, su miƙa wa malaman karkara.