Gatse a Bakin Mai-bin Yesu

Ɗan'uwa, kai da ka soma bin Ubangiji Yesu Kristi, ka rigaya ka ji cewa ƙarya da zagi ba su dace da kai ba. Amma akwai wani abu da ya fi su wuyar ganewa, gama ya kan zo da dariya. Shi ne gatse, da 'yan'uwansa, habaici da ba'a.

Ka san yadda a ke yinsa. Yaro ya fasa tulu, uban ya ce, "Madalla, sannu da aiki! Je ka fasa ɗayan." Mace ta makara da tuwo, mijin ya ce, "Ai kin yi sauri yau." Kalmomin na yabo ne, amma nufinsu sara ne. Kalmar da Turawa su ke kiran gatse da ita daga harshen Helenawa ta fito, asalin ma'anarta kuwa yayyaga nama ne, kamar yadda kare ya ke yi. Ko wannan ya kamata ga Mai-bi? Bari mu bincika Littafi Mai-tsarki.

1. Gatsen da ya ɓata gida

Ka karanta 2 Sama'ila 6:16-23. Sa'anda Dawuda ya kawo akwatin alkawari cikin birni, ya yi rawa a gaban Ubangiji da dukan ƙarfinsa. Matarsa Mikal ta leƙa ta taga, ta rena shi a zuciyarta. Da ya komo domin ya sa wa gidansa albarka, sai ta tarye shi da yabon gatse, wai lalle sarki ya ɗaukaka kansa yau a gaban kuyangi. Ka lura da yadda abin ya bi: reni ya fara zama a zuciya, kana gatse ya fito a baki. Haka ya ke har wa yau. Gatse hayaƙi ne, reni ne wutarsa.

2. To, Iliya fa?

Wataƙila za ka ce, "Ashe, annabi Iliya bai yi ba'a ba?" Gaskiya ne. A bisa dutsen Karmel ya tsaya a gaban annabawan Ba'al 450, da tsakar rana ya ce su ƙara ɗaga murya, ko allahnsu ya yi tafiya ne, ko kuwa barci ya ke yi (1 Sarakuna 18). Manzo Bulus kuma ya yi wa Korintiyawa gatse saboda girman kansu, ya kira su ƙosassu da mawadata da sarakuna (1 Korintiyawa 4:8).

Amma ka duba da kyau. Iliya shi kaɗai ne a gaban sarki da babban taro, ransa kuwa yana cikin hatsari. Ba domin wani ya ɓata masa rai ya yi magana ba. Da ya yi addu'a, roƙonsa shi ne zukatan jama'a su juyo ga Allah. Bulus kuwa nan da nan ya bayyana cewa ba domin ya kunyatar da su ya rubuta ba, gargaɗi ne irin na uba ga 'ya'yan da ya ke ƙauna (aya 14). Yanzu ka tambayi kanka: gatsen da ka yi jiya, domin girman Allah ne, ko domin huce fushinka? A gaban sarki ka yi shi, ko a kan matarka, ko yaron da ba shi da ikon ramawa?

3. Abin da aka yi wa Ubangijinmu

Ka karanta Matta 27:27-31. Sojoji suka yafa wa Yesu jar riga, suka sa masa rawanin ƙaya, suka ba shi kara a hannu, suka durƙusa suna gaishe shi gaisuwar sarki. Wannan gatse ne tsantsa. Shi kuwa bai mayar musu da ko kalma ɗaya ba, a bisa gicciye ma gafara ya roƙa wa masu-kashe shi.

Wataƙila kai ma danginka suna yi maka habaici tun da ka tuba. Kana wucewa su ce, "Ga mai-tsarki nan." Harshenka zai yi ƙaiƙayi ka rama, ka yi wa ibadarsu ba'a. Kada ka yi. Za ka iya cin gardama, amma za ka rasa ɗan'uwanka, gama mutumin da aka kunyatar a gaban jama'a ba ya sāke buɗe kunnensa da sauƙi. Baki shi ke yanka wuya.

4. Raha ba zunubi ba ce

Allah bai hana mu dariya ba. Taubasai suna wasa, kaka da jika suna zolayar juna, zumunci kuwa ya ƙaru. Ga ma'aunin: kadan ku biyu kuka yi dariya, raha ce. Kadan kai ka yi dariya, shi kuwa ya sunkuyar da kai, ka sare shi. Kada kuma ka fake da cewa, "Ai wasa na ke yi." Misalai 26:18-19 ya kwatanta mai-faɗin haka bayan ya cuci maƙwabcinsa da mahaukaci mai-harba kibau da wuta.

Babban aibin habaici shi ne tsoro: mai-yinsa yana so ya soka, ba ya so a kama shi da wuƙar. Kadan ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka tafi wurinsa ku kaɗai, ka faɗa masa a sarari, kamar yadda Ubangiji ya umurta cikin Matta 18:15. Wannan ya fi wuya, amma shi ne ya ke gyara.

Ka tuna da wani da ka yi wa gatse cikin bakwai ɗin nan? Ka neme shi yau, ka roƙi gafararsa. Kana ka yi addu'a: Ya Uba, ka wanke reni daga zuciyata, domin bakina ya zama mai-warkarwa. Cikin sunan Yesu. Amin.