Lissafin Man Mota: Yadda A Kan Ƙiyasta Kuɗinsa Kafin A Tashi

Mahayin doki ba ya bukatar alƙalami kafin ya san abin da tafiya za ta ci masa. Ya san mudun dawa nawa dokinsa ke ci a yini, in kuwa dawar ta ƙare a hanya, ga ciyawa, ga harawa a kowane ƙauye. Mota ba haka ta ke ba. Abu ɗaya ta ke sha, in ya ƙare ta tsaya cik a inda ya ƙare, ko da a tsakiyar daji ne, ko da mai naƙuda ce a kwance a baya. Saboda haka ya kamata kowane ɗayanmu ya iya wannan lissafi, ko yana da mota ko ba shi da ita. Gobe in an tura mu makarantun ƙauyuka, mu za a riƙa kawo wa irin wannan tambaya. Za a ce, "Malam, nawa za mu tara mu kai wane asibitin Daura?" To, abin kunya ne malami ya amsa da ka.

Abu uku a ke nema: nisan tafiya, da shan motar, da kuɗin mai. Na farko da na uku tambaya ce kawai. Na tsakiya shi ne mai wuya, don haka da shi za mu fara.

Shan mota shi ne yawan kilomitan da ta ke yi da lita guda. Kada ka dogara ga abin da aka rubuta a littafin motar, gama an auna shi ne tana sabuwa, bisa hanya mai santsi, ba kaya. Kada kuma ka dogara ga allurar nan da ke nuna mai a gaban direba, don ba ta san lita ba, rabi da kwata kaɗai ta sani, su ma ba daidai ba. Ga yadda a kan yi. Ka je gidan mai a cika tanki har famfo ya tsaya don kansa. Ka dubi agogon da ke ƙidayar tafiya, ka rubuta lambar da ya nuna. Sa'an nan ka yi tafiyarka yadda ka saba. In ka komo, ka koma famfon nan na farko a sake cika tanki, ka rubuta lita nawa ta sha, ka kuma rubuta lambar agogo. Man da ta sha a karo na biyu, shi ne daidai abin da ta ƙone a hanya.

Ga misali. An cika tanki a Daura, agogo yana kan 45,210. Aka tafi Katsina, wajen kilomita 80 ke nan, aka ɗan zaga gari, aka komo. Agogo ya nuna 45,386, tanki kuwa ya sha lita 16. Ɗebe 45,210 daga 45,386, saura 176. Raba 176 gida 16, ka sami 11. Watau motar nan tana yin kilomita 11 da kowace lita. Awo ɗaya ba ya isa. A maimaita sau uku ko huɗu, a tara kilomitan duka, a tara litocin duka, sa'an nan a raba.

Akwai wani tarko a nan da ya kan haddasa husuma tsakanin mai mota da direbansa. Da yawa cikin tsofaffin motocin da a ke kawowa ƙasar nan daga Amurka su ke, agogonsu kuwa mil ya ke ƙidayawa, ba kilomita ba. Tafiyar nan ta kilomita 176, a irin wannan agogo wajen 110 za ta nuna. Maigida ya raba 110 gida 16, ya ga ko 7 ba ta cika ba, sai ransa ya ɓaci, ya ce lalle yaro yana zuƙe masa mai yana sayarwa. Alhali kuwa yaro bai taɓa ko ɗigo ba. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya, balle wanda jahilcin awo ya haifa. Mil 5 daidai ya ke da kilomita 8, in an bar ɗan ɓurɓushi. A ninka mil sau 8, a raba gida 5, sai kilomita ta fito: 110 sau 8 shi ne 880, a raba gida 5, ga 176 ɗinmu ta komo.

Galan ma iri biyu ne. Na Ingila, wanda aka yi aiki da shi a ƙasar nan zamanin mulkin Turawa, ya ɗan ɗara lita 4 da rabi. Na Amurka kuwa lita 3 ne da kashi uku cikin huɗu, da ɗan abin da ya ɗora. Motar da aka ce tana yin mil 30 da galan, in na Ingila ne ba ta cika kilomita 11 a lita ba, in na Amurka ne ta kusa 13. A zamanin da, kafin famfunan mai su yawaita, cikin garwa a ke kawo fetur da kananzir, kowace garwa galan 4, watau wajen lita 18. Gwangwanayen nan ne, bayan an juye man, masu sayar da ruwa su ka riƙa ratayawa a sanda. Amma abin da 'yan bumburutu ke kira galan a bakin hanya, wannan kam roba ce kawai, wata lita 4, wata lita 5. Ka tambaya kafin ka biya.

To, mun sami shan mota. Yanzu bari mu shirya tafiya Kano, ta hanyar Kazaure da Dambatta. Nisan wajen kilomita 130 ne. Abin da mutane su ka fi mantawa shi ne komowa, saboda haka tun da fari a ninka: 260. A ƙara zirga-zirgar cikin birni, mu ce kilomita 15, jimla 275. Raba 275 gida 11, lita 25 ke nan. Sa'an nan a ɗora ushiri, watau ɗaya cikin goma, saboda abin da ba a sani ba, kamar ɓatan hanya, ko ratse inda a ke gyaran gada, ko cunkoso a ƙofar gari. Ushirin 25 shi ne 2 da rabi, jimla 27 da rabi. A lissafin mai sama a ke cikawa, ba ƙasa ba, sai mu ce lita 28.

Saura kuɗi. Wannan ba a hardace shi, ranar tafiya a ke tambayarsa, domin ba ya zama wuri ɗaya. A farkon watan Janairu na 2012 lita ta tashi daga ₦65 zuwa wajen ₦141 a dare ɗaya, aka yi yajin aiki a ƙasa duka, sa'an nan gwamnati ta mai da ita ₦97. A watan Mayu na 2016 ta koma ₦145. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kafin mako ya zagayo litar da a ke sayarwa ƙasa da ₦200 bisa farashin hukuma ta haura ₦500 a Arewa, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta wuce ₦1,000 a garuruwa da yawa. Ku dubi abin da wannan ya yi wa tafiyarmu. Lita 28 a kan ₦195 ₦5,460 ne. A kan ₦1,000 kuwa ₦28,000. Hanya ba ta ƙara ko taku ɗaya ba, mota ita ce dai, amma kuɗin ya ninka fiye da sau biyar. Shi ya sa ya fi kyau mutum ya riƙe lissafinsa da lita, ya ce, "Kano lita 28 ce," don wannan ba ya sakewa sai motar ta tsufa. Wanda ya riƙe shi da naira, kowane wata sai ya sake koyo.

Mu da ke ƙasar Daura muna da wata damuwa da mutanen tsakiyar ƙasa ba su da ita, gama a bakin iyakar Nijar mu ke. A watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don a toshe fasa-ƙwauri. Mutanen Mai'aduwa da Kongolam da sauran garuruwan gefen nan su ka wayi gari famfunansu a bushe, sai su tafi nesa su sha, ko su saya a jarka da tsada. Abin lura a nan shi ne, zuwa shan mai shi ma mai ya ke ci. Wanda ya yi kilomita 22 zuwa gidan mai, ya yi 22 komowa, a motarmu ta misali ya ƙone lita 4. In lita 20 ya sha, 16 kaɗai ya kawo gida, kowace lita kuwa ta tsaya masa da ƙarin kwata bisa kuɗin da ya biya. Kafin ka bi araha zuwa nesa, ka yi wannan ɗan lissafi tukuna.

Yanzu mun zo ga wurin da na ke so a natsu ƙwarai, don har waɗanda su ka iya lissafi su kan faɗa. Ƙasarmu jigawa ce. Da ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauye, sai rairayi. A cikin rairayi ƙafafun mota suna nutsewa, tilas direba ya zauna a ƙaramar giya, inji yana ta kuka, tafiya kuwa kaɗan. Mu ɗauka wata mota tana yin kilomita 12 da lita bisa kwalta, amma 6 kaɗai cikin rairayi. Za ta yi tafiyar kilomita 120, rabin farko kwalta, rabin ƙarshe rairayi. Mai gaggawa sai ya ce, "Ai sauƙi gare shi. A haɗa 12 da 6, a raba biyu, 9 ke nan. A raba 120 gida 9, lita 13 da sulusi." Ya sha haka, ya tashi.

Bari mu bi shi a hankali. Kilomita 60 na kwalta, a raba gida 12, lita 5. Kilomita 60 na rairayi, a raba gida 6, lita 10. Jimla lita 15, ba 13 da sulusi ba. Ya gaza da lita 1 da sulusi biyu. A cikin rairayi kuwa kowace lita kilomita 6 ce, ashe motarsa za ta mutu saura kilomita 10 ya isa, a inda ba gidan mai, ba ko inuwar kirki. Ina kuskuren ya ke? Ya ba hanyoyin biyu nauyi ɗaya don tsawonsu ɗaya, alhali ta rairayi ta sha mai ninki biyu na ta kwalta, don haka ita ce ta rinjayi awon. Shan motar a tafiyar duka 120 ne a raba gida 15, watau 8. Ƙa'idar ita ce, kowane yanki na hanya a fitar da litocinsa dabam, sa'an nan a tara litocin. Lita a ke tarawa, ba a tara shan mota a raba.

Gudu ma yana da nasa hisabi. Iskar da ke tokare mota daga gaba ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ta kan ninka kanta ne: in ka ninka gudu sau biyu, tokarar iska ta ninka sau huɗu. Direban da ya taka totur ya tashi daga kilomita 80 a sa'a zuwa 110, ya kusa ninka tokarar sau biyu. Ba a ce mai zai ninka sau biyu ba, don iska wani yanki ce kawai na abin da inji ke fama da shi, amma lalle zai ƙaru ƙwarai. Me ya samu? Daga Daura zuwa Kano a kan 80, sa'a ɗaya ce da minti 38. A kan 110, sa'a ɗaya da minti 11. Minti 27 ya saya da mai, da kuma ransa da na waɗanda ya ɗauka. A ganina ciniki ne na asara.

Sauran abubuwan da ke ƙara sha kowa ya san su: taya mai ƙarancin iska, da buhuna jibge bisa rufi, da barin inji yana aiki ana cinikin rake a bakin hanya, da na'urar sanyaya mota a bazara, da ƙurar hunturu in ta toshe rariyar da ke tace wa inji iska. In ka ga awonka ya sauko daga 11 zuwa 9 ba dalili, mota ce ke gaya maka tana son ganin makaniki.

Ga mai motar haya kuwa, a raba kuɗin man ga kujerun da aka cika, ba ga waɗanda ke cikin motar ba. In ya ƙone ₦25,000 zuwa Kano da komowa, ya ɗauki mutum 6 zuwa, 6 komowa, kowace kujera ta ci mai na wajen ₦2,080. In kuwa da mutum 3 ya komo, kujeru 9 ke nan, kowacce ta ci kusan ₦2,780. Ba a kuwa sa baƙin mai ba tukuna, da taya, da kamashon tasha, da abin da zai kai wa mai motar. Wanda ya san wannan ba ya saurin zagin direba in ya ƙi tashi sai mota ta cika.

Ga tambaya ku gwada kafin darasin lissafi mai zuwa. Wani malami yana koyarwa a wani ƙauye na ƙasar Baure. Mu ɗauka daga ƙauyen zuwa bakin kwalta kilomita 21 ne na rairayi, daga nan zuwa asibitin Daura kilomita 48 na kwalta. Da dare aka kawo masa yaro ba lafiya. Motar da aka aro tana yin kilomita 7 da lita cikin rairayi, 12 bisa kwalta, akwai lita 5 cikin tankinta, lita kuwa ₦950 ce. Lita nawa tafiyar za ta ci zuwa da komowa, har da ushiri? Nawa ne mutanen gari za su tara? Sa'an nan, in bai sami inda zai sha mai a hanya ba, a kilomita na nawa bisa kwalta motar za ta tsaya?