Yadda ake shirya fim ɗin iyalin daji masu cin naman mutane da ɗan ƙaramin jari

Gida ake fara nema. A Amurka, inda wannan nau'in fim mai haɗa tsoro da barkwanci ya yi ƙarfi, mai shiryawa kan samo tsohon gidan gona can bayan gari, domin aiki a wuri ɗaya yana rage kashe kuɗi. Haka Tobe Hooper ya yi a 1973 kusa da Round Rock a jihar Texas, inda ya ɗauki The Texas Chain Saw Massacre da kuɗin da bai wuce dala 140,000 ba. Mai tsara masa ɗakuna, Robert Burns, ƙasusuwan dabbobi ya tsinto ya cika gidan da su.

Sai a gina iyalin, kuma a nan ne ya kamata marubuci ya daɗe. Kowa da matsayinsa: ga kakan da ƙarfinsa ya ƙare amma ana girmama shi, ga mai girki, ga mai farauta, ga wanda kullum ake yi wa faɗa. Dariyar tana fitowa ne daga yadda suka ɗauki ta'asarsu tamkar sana'ar gado. A Motel Hell na 1980, manomi Vincent da 'yar'uwarsa Ida kyafaffen nama suke sayarwa, jama'ar yankin na ta yabon daɗinsa. Duk ɗan wasan da ya yi ƙoƙarin ba da dariya da gangan ya ɓata aikin. Dole ya tsaya da gaskensa.

Baƙin da za su faɗa hannun iyalin ba su da wuya: matasan birni, mai ya ƙare musu a hanya.

Kwanakin ɗauka kaɗan ne. Jack Hill ya gama Spider Baby cikin kwana 12 a 1964. Jini kuwa, ruwan zaƙin masara ne da jan launin abinci, kuma ba a buƙatar mai yawa. Hooper ya fi dogara da ƙarar injin yankan katako da ihu.

Zaman cin abincin dare ake tanadar wa ƙarfi. Na Hooper ya ɗauki fiye da awa 24 a jere cikin tsananin zafi, nama yana ruɓewa a kan tebur, wahalar kuma ta fito a fuskokin 'yan wasan.

Abin da nake roƙon mai shiryawa shi ne kada talaucin mutanen karkara ya zama abin dariyar. Iyalin fim ɗin Hooper tsofaffin ma'aikatan mayanka ne da sabuwar na'ura ta raba da aikinsu. A ba su dalili irin wannan kafin a miƙa musu wuƙa.